Daga ambulan zuwa kwamfuta: tarihin fayil ɗin majinyaci a Ingila

Tun bayan dokar inshorar lafiya ta 1911, wadda Lloyd George ya jagoranta, likitocin unguwa a Ingila suka fara rubuta tarihin ciwon mutum a kati. Daga baya aka riƙa zuba katunan cikin ƙaramin ambulan da har yau ake kira da sunansa, kuma idan mutum ya sauya gari, ambulan ɗin yakan bi shi wurin sabon likita. Manyan asibitoci kuwa nasu fayil daban yake, haka ma ma'aikatan jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi. Kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948 bai haɗa waɗannan ma'ajiyoyi ba.

A 2002 gwamnatin Tony Blair ta ɗaura ɗamarar haɗa su ta kwamfuta a tashi ɗaya. Aka raba ƙasar yanki biyar, aka ba kamfanonin BT da Accenture da Fujitsu da CSC kwangila. Accenture ya janye a 2006, kwangilar Fujitsu ta mutu a 2008, a 2011 kuma gwamnati ta sanar da wargaza shirin. A 2013 kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya ƙiyasta abin da shirin zai ci da kusan fam biliyan 10. A ganina tushen matsalar shi ne an ɗinka riga ba tare da an auna mai sawa ba: daga sama aka ƙulla kwangilolin, aka ce likitoci da nas-nas su karɓi manhajar da ba a yi shawara da su yadda ya kamata ba.

Wasu za su ce ai fasahar lokacin ce ba ta nuna ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin manhajar Lorenzo ta CSC ta yi ta jinkiri shekara da shekaru. Amma a ƙarƙashin wannan shiri ɗin ne aka yi nasarar mayar da hotunan ƙashi da ƙirji cikin kwamfuta, aka kuma samar da taƙaitaccen fayil mai ɗauke da magungunan da mutum ke sha da waɗanda jikinsa ba ya so. Waɗannan sun tsira ne don kowa ya ga amfaninsu a gadon majinyaci, kuma taƙaitaccen fayil ɗin ana neman izinin mai shi kafin a buɗe, sai fa idan yana cikin halin da ba zai iya magana ba. Akasin haka, wani shiri na daban mai suna care.data, wanda ya nemi kwashe bayanai daga likitocin unguwa zuwa rumbu guda ba tare da gamsasshen bayani ba, ya gamu da turjiyar jama'a da likitoci, aka soke shi a 2016.

Hujja mafi nauyi da ke ƙalubalantar wannan ra'ayi nawa ita ce taka-tsantsan ma yana kisa. Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara 8 daga Kwaddibuwa, ta mutu a Landan a 2000 sakamakon azabtarwa, alhali asibitoci biyu da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a duk sun san da ita, kowa na riƙe da guntun labari. Wannan ba abin musu ba ne, shi ya sa a 2013 Fiona Caldicott ta ƙara ƙa'ida ta bakwai a kan shidan da aka ɗora kan rahotonta na 1997 game da sirrin bayanan majinyata, cewa wajibcin isar da bayani ga mai kula da majinyaci yana iya kai nauyin wajibcin rufa masa asiri. Sai dai ƙa'idar ta ɗora alhakin a wuyan ma'aikacin da majinyaci ke gabansa, ta kuma ɗaure shi da sauran shidan, waɗanda suka ce a faɗi dalili, a ba da iya abin da ake buƙata, ga wanda yake buƙatarsa kaɗai.