Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Kwana Ashirin na Abdulkarim a Agadas

Ran 10 ga watan Oktoba na shekarar 1850 wani ɗan ƙaramin ayari ya shigo Agadas daga arewa. A cikin ayarin akwai baƙo guda, fari, ɗan shekara 29, wanda abokan tafiyarsa suke kira Abdulkarim. Sunansa na yanka Heinrich Barth, mutumin Hambug ta ƙasar Jamus, amma gwamnatin Ingila ce ta aiko shi. Ba shi da soja ko ɗaya, ba shi da ɗan'uwa a garin, ga shi kuma Kirista a birnin da ba a saba ganin irinsa ba. Duk da haka ya yi kwana ashirin yana yawo lungu lungu, ya ga kasuwa da fada da masallaci, ya fita lafiya, ya kuma bar bayanin da masu tarihi suke komawa gare shi har yanzu. Dalilin da ya sa haka ta yiwu yana cikin gidan da ya sauka da mutanen da suka sauke shi.

Su uku ne suka taso daga Tarabulus a watan Maris na shekarar nan: James Richardson shugaban tafiyar, da Adolf Overweg, da shi Barth. Suka bi ta Murzuk suka nufi Gat. Kusa da Gat akwai wani dutse mai suna Idinen, wanda mutanen wurin suke cewa mazaunin aljannu ne. Aka gargaɗe shi kada ya je, bai ji ba. Ya tafi shi kaɗai ba ja-gora, ya hau dutsen, wajen dawowa hanya ta ɓace masa, ruwansa ya ƙare. Ƙishirwa ta kai shi har ya tsaga jijiyar hannunsa ya tsotsi jininsa. Wani Ba'abzine ne ya bi sawunsa ya same shi kwance, rai a hannun Allah, ya ɗauko shi. Wannan wahala ta koya masa abin da littattafan jami'a ba su koya masa ba, wato a ƙasar da mutum bai sani ba, ƙarfin hali ba ya maye gurbin ɗan gari.

Da suka shigo iyakar Abzin aka tare su, aka karɓe musu kaya masu yawa kafin a bar su su wuce. A farkon watan Satumba suka iso Tintellust, garin wani tsoho mai suna Annur, ɗaya daga cikin manyan shugabannin Kel Owi. Annur ba mai sakin hannu ba ne. Barth ya kwatanta shi da mutum mai maƙo, wanda ba ya yin kome kyauta, amma idan ya faɗi magana yana cika ta. A ƙarƙashin inuwarsa suka zauna suna jiran ayarin gishiri da zai kai su kudu. Barth ya ga zaman zai yi tsawo, sai ya roƙi Annur izinin zuwa Agadas, ya haɗa da kyauta mai tsoka. Annur ya yarda, ya danƙa shi a hannun surukinsa Hamma, wanda dā ma zai je birnin, ya kuma ba shi gidansa na can ya sauka. Ran 4 ga Oktoba suka kama hanya, Richardson da Overweg suka tsaya a baya.

A zamanin nan babu hotal a Agadas, haka kuma babu a Katsina ko Kano. Abin da yake akwai shi ne masauki. Baƙon da ya zo gari yakan sauka a gidan wani mai gida sananne. Mai gidan zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali idan yana da abin sayarwa, ya yi masa iso wurin sarki, ya tsaya masa idan ya ci bashi ko an zalunce shi. Shi kuwa baƙo yakan saka da kyauta ko la'ada. Wannan al'ada ce ta riƙe fatauci daga Tarabulus har zuwa kasuwar goro ta Salaga, ita ce kuma tushen zangunan Hausawa na Kumasi da sauran garuruwan kurmi. Abu mafi nauyi cikinta shi ne mutunci. Wanda ya taɓa baƙo ya taɓa mai masaukinsa. Saboda haka sa'ad da Barth ya shimfiɗa tabarmarsa a gidan Annur, duk mutumin Agadas ya san cewa wannan farin mutum na Kel Owi ne, Kel Owi kuwa ba mutanen da ake tsokana ba ne, gama suna cikin waɗanda sarautar garin take dogara da yardarsu.

Hamma ne ya kai shi fada. Sarkin Abzin na lokacin shi ne Abdulƙadir, wanda aka sake zaɓa bai daɗe ba, ana shirin naɗinsa. Barth ya sa tufafi irin na ƙasar, ya shiga ya yi gaisuwa, suka yi zancensu da Hausa, harshen da ya soma koya tun a hanya. Ya miƙa kyautarsa, a ciki har da wata shuɗiyar alkyabba. Sarki ya karɓe shi da fara'a, ya aika masa da rago, ya kuma riƙa aika masa da abinci. Da haka baƙon ya sami inuwa ta biyu a kan ta Annur.

Ran 16 ga Oktoba aka haɗa naɗin sarki da Babbar Salla. Gari ya cika da Abzinawa na kabilu dabam dabam, da Kel Geres da Itisan, kowa da takobinsa da mashinsa. A irin wannan rana bai kamata baƙon da ba Musulmi ba ya kutsa cikin taro, don haka daga masaukinsa ya kalli hawan. Ya ga sarki bisa doki, sanye da alkyabbar da ya ba shi, dogarai da mahaya raƙuma suna biye. Haka ma babban masallaci: ya zana shi a takarda, amma bai sami hawa hasumiyar ba, ko da yake ransa ya so ya hango birnin daga can. Mai masauki yana buɗe wa baƙo ƙofofi, yana kuma sanin wadda ba a taɓawa. Barth ya bi wannan iyaka, abin da ya hana shi shiga fitina ke nan.

Sauran kwanakin ya yi su cikin yawo. Abin da ya fara buge masa ido shi ne kufai. Unguwanni da dama sun zama kango, ungulaye suna zaune a kan rusassun katangu suna jiran abin da mahauta za su yar. Ya ƙiyasta gidajen da ake zaune a ciki ba su wuce 600 zuwa 700 ba, mutanen garin kuwa wajen 7,000, alhali faɗin birnin yana nuna cewa a dā ya ɗauki ninkin haka sau da yawa. Ya bi tarihin don ya gane dalili. Sarautar Abzin ta kafu a ƙarni na 15, ta mai da Agadas mazauninta. A farkon ƙarni na 16 Askiya Muhammadu na Songai ya ci birnin, ya haɗa shi da babbar hanyar da take ɗauko zinariya daga Gawo zuwa arewa da gabas. Sa'ad da sojan Maroko suka karya daular Songai a shekarar 1591, hanyar nan ta yi rauni, arzikin Agadas ya soma janyewa, attajirai suka riƙa ƙaura zuwa Katsina da Kano da sauran biranen kudu.

Akwai wata shaida ta wannan tsohuwar dangantaka da Songai da kunnensa ya kama. Mutanen garin suna da harshensu na gida, Emgedesi, wanda ɗan'uwan harshen Tumbutu da Gawo ne, ko da yake Hausa ce harshen ciniki. Barth ya zauna ya tattara kalmominsa ya rubuta. Daga baya harshen nan ya mutu, Hausa ta gaje shi a bakin mutanen Agadas, har kalmomin da baƙon ya rubuta suka zama cikin ɗan abin da ya rage na tunawa da shi.

A kasuwa ya tarar ba a ciniki da wuri ko azurfa kamar yadda ake yi a kudu. Gero ne ma'aunin kome, sai kuma tufafi. Manyan ƴan kasuwar garin, galibi mutanen Tuwat, sukan sayi gero da arha sa'ad da ayarin Damargu ya iso, su ɓoye, su sayar da tsada in ya yi wuya. Ya yaba aikin dukanci, ya lura cewa mata ne suke yin yawancinsa, in ban da sirdi da takalma. Ya leƙa makarantun allo, ya ƙirga biyar ko shida. Ya je wurin alƙali ya saurari shari'a. Ya kuma ga tashin ayarin gishiri zuwa Bilma, wanda aka ce masa raƙumansa sun kai 10,000. Hasumiyar masallaci kuwa, mai tsawon mita 27, wadda aka gina da laka aka ƙarfafa da itatuwan goriba masu leƙowa ta kowane gefe, a lokacin sabuwa ce, gama a shekarar 1844 aka sake gina ta a kan tsarin ta farko ta wajen 1515.

Wani mutum da ya shiga labarin shi ne Muhammadu Boro, wanda ya taɓa riƙe sarautar Sarkin Turawa. A Hausar wancan zamani Turawa su ne Larabawa ƴan kasuwa masu ƙetaro hamada, Sarkin Turawa kuwa shi ne mai kula da su da karɓar kuɗin fito a kan kayansu. Ma'ana, birnin yana da ofishi musamman domin baƙi tun kafin wani mutumin Turai ya taka ƙasar. Boro ya biyo ayarin su Barth daga Murzuk yana jin haushinsu, don yana ganin ba su girmama shi yadda ya kamata ba. Da Barth ya iso Agadas sai ya nemi sulhu da shi, ya yi masa kyauta, ya ziyarci gidansa. Mutumin da zai iya ɓata masa suna a fada ya koma mai yi masa fatan alheri.

Ran 30 ga Oktoba ya bar Agadas tare da Hamma, yana riƙe da wasiƙun da sarki ya rubuta masa zuwa ga sarakunan kudu, cikinsu har da na Katsina da na Kano. Wasiƙun nan su ma wani irin masauki ne da mutum yake tafiya da shi cikin jaka, domin suna gaya wa sarkin gaba cewa mai riƙe da su yana da wanda ya san shi. A watan Janairu na 1851 abokan uku suka rabu a Damargu, kowa ya kama hanyarsa da niyyar su haɗu a Barno. Richardson ya rasu a watan Maris kafin ya kai Kukawa, Overweg kuma ya rasu a 1852 kusa da tafkin Cadi. Barth ya ci gaba shi kaɗai, yana bin dabarar da ya gwada a Agadas. A Tumbutu, inda ya isa a watan Satumba na 1853, Shehu Ahmad al-Bakkay ne ya tsaya masa wata da watanni, ya ƙi ba da shi ga masu neman ransa. Shekara 27 kafin haka, a 1826, an kashe wani hafsan Ingila mai suna Gordon Laing jim kaɗan bayan ya fita daga wannan birni. Barth ya koma Landan a 1855, ya buga labarin tafiyarsa cikin littattafai biyar tsakanin 1857 da 1858.

Bayansa abubuwa da yawa sun sāke a Agadas. Faransawa suka mamaye ƙasar a farkon ƙarni na 20. A ƙarshen 1916 Kawsan ya kewaye barikinsu na birnin, sai a watan Maris na 1917 aka kore shi, garin kuma ya sha azaba mai tsanani a hannun sojan da suka zo ɗauki. Babban gidan da Kawsan ya zauna a ciki, daura da masallaci, daga baya ya zama hotal. A shekarun 1970 da 1980 samari da ƴan mata na Turai suka riƙa zuwa, waɗansu su kaɗai da jaka a baya, suna sauka a ƙananan masaukai masu arha, suna kwana bisa soro saboda zafi, da safe su bi ɗan ja-gora zuwa fada da kasuwar raƙuma da wurin maƙeran azurfa. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, sun tsinke wannan zirga-zirga, masu masaukai da ja-gorori da maƙera da yawa suka rasa abin yi. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin, da unguwanninsa 11, cikin wuraren tarihi na duniya.

Masaukin zamani yana karɓar kuɗi ya ba da gado da makulli, amma ba ya ɗaukar nauyin ran baƙo kamar yadda na dā yake yi. Shi ya sa da tsaro ya taɓarɓare baƙi suka ɗauke ƙafa, alhali Barth ya zo ne a lokacin da hanyoyin Abzin suke cike da mahara, ya kuma zauna lafiya, domin akwai wanda sunansa zai ɓaci idan wani abu ya same shi. A cikin tsohon birnin an adana gidan lakar da ya sauka, masu ziyara sun san shi da suna Gidan Barth. A 1850 kuwa mutanen Agadas sun san shi da gidan Annur na Tintellust, Hamma ne kuma ya buɗe wa baƙon ƙofarsa.