Tarihin Ramin Iyafis Da Yadda Aka Raba Mu Da Shi

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe.

Duk wanda ya sayi babbar waya a 'yan shekarun nan ya san an toshe ɗan ramin da muke soka iyafis. iPhone babu, manyan Samsung babu, Pixel ma babu. Yaran yanzu gani suke tsohon yayi ne kawai ya wuce. Ni kuwa ina ganin maganar ta fi ƙarfin yayi, domin cire ramin nan ya taɓa aljihunmu, ya kuma taɓa rediyonmu. Bari mu bi tarihin daga tushe.

Kakan wannan rami ya fito ne daga ofisoshin tarho na ƙarshen ƙarni na 19. A watan Janairun 1878 aka buɗe ofishin haɗa kira na kasuwanci na farko a garin New Haven na Amurka. Da harkar ta bunƙasa, sai ya zama ma'aikaci ne ke zaune gaban wani allo mai ramuka, in ka buga ya tambaye ka wa kake nema, ya ɗauki igiya mai kan ƙarfe ya soka a ramin mutumin. Kaurin wannan kan ƙarfe rubu'in inci ne, wato milimita 6.35. Kuma bai mutu ba. Ka duba amfilifayar masallacin unguwarku ko ta masu kiɗan biki, za ka ga makirufo da irin wannan ƙaton kai.

Shi kuma hedifon, a 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya riƙa haɗa shi da hannu a kicin ɗin gidansa a jihar Utah, sojojin ruwan Amurka suka saya. A 1958 John Koss ya fito da na sitiriyo, mai raba sauti kunnen dama daban na hagu daban. Ƙaramin ramin da muka sani, mai milimita 3.5, ya zo ne a shekarun 1950 tare da ƙananan rediyoyin tiransisto da ake ji da kunne ɗaya.

Wanda ya kai shi ko'ina a duniya shi ne Walkman na kamfanin Sony, da ya fito a Japan ranar 1 ga Yulin 1979. Na farkon ma rami biyu gare shi, don mutum biyu su saurari kaset ɗaya. Tsararrakina za su tuna yadda muke juya kaset da biro don kar batir ya ƙare a banza. Daga nan duk abin da ya biyo baya, na'urar sidi, kwamfuta, iPod a 2001, da wannan ramin ya zo.

Abin lura shi ne, wayoyin hannu ba su karɓe shi da wuri ba. Lokacin da GSM ta shigo Najeriya a Agustan 2001, kowane kamfani da nasa kan. Nokia tana da siririn rami mai milimita 2.5 da kuma wani faffaɗan kai a gindin waya, Sony Ericsson da nata, Samsung da nata. In iyafis ɗinka ya lalace sai ka zagaye kasuwa kana neman irin na wayarka. Sai wajen 2009 zuwa 2010 kusan kowa ya dawo kan 3.5. Ko a nan ɗin an ɗan yi saɓani. Ka duba kan iyafis, in layi biyu ne a jikin ƙarfen to na ji ne kawai, in uku ne akwai makirufo. To Nokia da Apple sun sha bamban wajen jera zoben makirufon, shi ya sa a da kake soka wani iyafis ka ji muryar mawaƙi ta ɓace kamar yana cikin rijiya, sai ka danne maɓallin sannan ta dawo. Daga baya tsarin da Apple ke kai ne ya rinjaya.

Wannan ne lokacin da mai saye ya fi samun sauƙi. Iyafis ɗin da ka saya a bakin tasha zai shiga wayar minista, na ministan ma zai shiga taka. Ba wanda ya mallaki ramin, ba kamfanin da ake biya lasisi kafin a ƙera shi.

Bulutut kuwa kamfanin Ericsson na Suwidin ne ya fara aikinsa a 1994. A 1998 Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba suka haɗu suka mai da shi tsarin bai ɗaya. Sunan na wani sarkin Denmark ne na ƙarni na 10, Harald Bluetooth, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Shekaru da dama bulutut da igiya sun zauna lafiya a waya ɗaya, wanda ka ga dama shi za ka ɗauka.

Ba Apple ce ta fara cire ramin ba. Oppo R5 ta 2014 ba ta da shi, saboda sirantakarta ba ta kai milimita 5 ba. LeEco da Moto Z sun cire a 2016. Amma ranar da ta juya kasuwa ita ce 7 ga Satumban 2016, da aka gabatar da iPhone 7. Phil Schiller, babban jami'in tallan Apple, ya tsaya gaban duniya ya ce dalilinsu a kalma ɗaya shi ne ƙarfin hali. Na ce Bahaushe ma yana da karin magana a kan ƙarfin hali, kun san ragowar. A wannan zaman dai aka nuna AirPods a kan dala 159. Kuma shekara biyu kafin nan, a 2014, Apple ta sayi kamfanin hedifon na Beats a kan dala biliyan 3. Kowa ya haɗa lissafin da kansa.

Sauran kamfanoni da farko dariya suka yi. Google ta yi wa Apple shaguɓe a tallan Pixel na 2016, shekara na zagayowa ta cire a Pixel 2. Samsung ta yi tallace-tallace tana tsokanar masu yawo da adafta, sai ga Galaxy Note 10 a Agustan 2019 babu rami, aka kuma sauke waɗancan tallan shiru. Ita ma Apple da ta fara saka adafta kyauta a kwali, a 2018 ta daina.

Hujjojin da suka bayar su ne neman fili a cikin waya da kariya daga ruwa. Ta farkon akwai gaskiya a ciki, ramin yana cin wuri. Ta biyun kuwa da sauƙi: Galaxy S7 da ta fito a Maris na 2016 da raminta, amma matakin jure ruwanta IP68 ne, iPhone 7 mara rami kuwa IP67.

Ban ce bulutut ba shi da amfani ba fa. Mai tuƙi, mai motsa jiki, uwargida a kicin, duk sun huta da igiya tana maƙalewa a ƙofa. Masu toshe hayaniyar waje ma abin yabo ne. Amma a faɗi abin da aka rasa.

Na ɗaya, batir. Iyafis mai igiya ba ya neman caji. Na bulutut kuwa ƙaramin batirin litiyam ne a kowane kunne, an manne shi da gam, kuma kullum ƙarfinsa raguwa yake. Masana gyara na iFixit sun ba AirPods sifili cikin 10 a sauƙin gyara. In batirin ya mutu, sai bola. A ƙasar da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama, an ƙara maka abu na biyu da za ka kai wurin mai caji. Mu da muke taron ofis ta Zoom mun san yadda ake ji in kunne ɗaya ya mutu ana tsakiyar bayanin darakta.

Na biyu, sauti. Bulutut sai ya matse sauti kafin ya aika, sannan akwai ɗan jinkiri tsakanin hoto da murya. Da Apple Music ta kawo sauti marar matsi a 2021, kamfanin da kansa ya ce AirPods ba za su iya kawo shi ta bulutut ba.

Na uku, wanda ya fi damuna, rediyo. Igiyar iyafis ita ce eriyar FM a yawancin wayoyi, shi ya sa rediyon ke ƙin buɗewa sai ka soka. Ba ya cin data, ba ya neman sabis. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, sannan a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali babu WhatsApp babu Facebook, amma tashar FM tana nan tana magana. Ba mu kaɗai ba ne, a Amurka ma bayan guguwoyin 2017 shugaban hukumar sadarwarsu, Ajit Pai, ya nemi Apple ta kunna FM a iPhone, kamfanin ya amsa cewa iPhone 7 da 8 ba su da kayan kama FM ɗin. Ga al'ummar da ta tashi da BBC Hausa tun 1957, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Na huɗu, kuɗi. AirPods 4 mafi araha dala 129 aka sa musu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. A canjin yanzu, albashin wata biyu bai saya ba. Gaskiya akwai masu araha a kasuwa, amma su ma batirin ne ajalinsu.

Darasin da na ɗauka shi ne, kamfani ba ya gyara don Allah sai an matsa masa. Tarayyar Turai ta kafa dokar caja ɗaya a 2022, ta fara aiki ranar 28 ga Disamban 2024, kuma tun 2023 iPhone 15 ta koma USB-C. Mu ba mu da irin wannan murya a majalisa, amma muna da kasuwa. Har yau Tecno da itel da Infinix, 'ya'yan kamfanin Transsion na Chaina, suna barin ramin a yawancin ƙananan wayoyinsu, don sun san me mutanenmu ke so.

Saboda haka in za ka Farm Centre sayen waya, musamman wadda za ka aika wa Baba ko Inna a ƙauye, juya ta ka duba ramin, ka kuma sa a kunna maka FM a gabanka. In kuma adaftar USB-C za ka saya, gwada ta a wayarka kafin ka biya, domin akwai mai na'urar juya sauti a ciki akwai wadda waya zalla ce, kuma wasu wayoyin ba sa karɓar ta biyun.

Ku fa, igiya ko bulutut? Wa har yanzu yake jin rediyo a wayarsa? Ina jiran ra'ayoyinku. Allah ya sa mu dace.