Ƙarin Nauyi da Ginin Tsoka ga Siririn Mai Jefa Ƙwallo a Wasan Ƙwallon Amurka na Jami'o'i: Nazarin Hujjoji

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki mas'alar saurayin da Allah ya halitta siriri, aka kuma ɗora masa jagorancin kai hari a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'a, watau mai jefa ƙwallon da ake kira kwatabak, wanda masu horarwa kan matsa wa lamba ya ƙara nauyi. An tattara sakamakon gwaje-gwajen da malaman ilmin jiki da na abinci suka buga tsakanin 1990 da 2019, aka gwama su da tarihin wasu sanannun 'yan wasa. Hujjojin sun karkata ga cewa jiki yana da iyakar tsokar da zai iya ginawa a mako, cewa abin da aka ci bisa wannan iyaka kitse yake zama, kuma cewa nauyin da ke amfanar mai jifa shi ne wanda aka tara cikin shekaru ba tare da ya taɓa saurinsa ko sassaucin kafaɗarsa ba.

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ya kalli wannan wasa da idon basira zai lura cewa mai jifa yana cikin wani hali da babu wani ɗan wasa a filin da ke cikin irinsa, domin a lokacin da ya karɓi ƙwallo ya ja da baya, idonsa na can nesa yana neman wanda zai jefa wa, hannunsa a ɗage, haƙarƙarinsa a buɗe, a daidai lokacin ne ƙarti masu tsaro, waɗanda nauyin wasunsu ya haura kilo 120, suke rugowa kansa, shi kuwa ba shi da fiye da sakan biyu ko uku kafin su iso. Bryan Kelly da abokan aikinsa sun bi diddigin raunukan masu jifa a gasar ƙwararru ta NFL daga 1980 zuwa 2001, suka buga sakamakon a mujallar American Journal of Sports Medicine a 2004. Sun tarar cewa bayan kai, kafaɗa ce ta fi samun rauni, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na raunukan kafaɗar nan daga karo da faɗuwa suka zo, waɗanda yawan jifa ya haddasa kuwa kaɗan ne. Mafi yawa shi ne gocewar mahaɗar da ke saman kafaɗa, wadda kan auku idan an maka mutum da ƙasa ta gefe, wani ya danne shi. Ko da yake a kan ƙwararru aka yi wannan lissafi, ƙiyasinsa a kan ɗaliban jami'a ba shi da wuya, tun da yake irin faɗuwar ɗaya ce.

Saboda haka damuwar masu horarwa tana da asali, kuma ba na ganin adalci ne a raina ta. Abin da ke buƙatar tahaƙiƙi shi ne hanyar da ake bi, da gwargwadon da ake nema, da tsawon lokacin da ake ba yaro.

Asalin al'amarin

Kafin ƙarshen shekarun 1960 akasarin masu horarwa a Amurka sun yi imani cewa ɗaga ƙarfe yana sandarar da jiki ya rage gudu. A 1969 Bob Devaney, mai horar da ƙungiyar Jami'ar Nebraska, ya ɗauki Boyd Epley aikin koyar da ɗaga ƙarfe da albashi, bisa sharaɗin cewa in 'yan wasa suka rage sauri aikinsa ya ƙare. Nebraska ta ci kambin ƙasa a 1970 da 1971, sauran jami'o'i suka bi sahu, Epley kuma ya kafa ƙungiyar masu wannan sana'a, NSCA, a 1978. Ta fuskar abinci kuwa an daɗe kafin a kai gaci, domin sai a watan Afrilu na 2014 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta yarje wa manyan jami'o'i su ciyar da 'yan wasansu ba tare da ƙayyadewa ba. Siririn yaro na yau, ashe, ya tarar da ɗakin ƙarfe da ɗakin cin abinci duka a buɗe, sai jarrabawarsa ta koma ta sanin gwargwado.

Bambancin halitta

Sau da yawa akan zargi siririn ɗan wasa da kasala ko ƙin cin abinci, alhali kuwa hujjar ilmi ta nuna cewa jikunan mutane ba sa karɓar ƙari iri ɗaya. Claude Bouchard na Jami'ar Laval a Kanada ya tara tagwaye masu kama ɗaya, samari, gida 12, ya riƙa ba kowannensu ƙarin kalori 1,000 a rana, kwana shida a mako, har tsawon kwana 100, ya buga sakamakon a New England Journal of Medicine a 1990. Matsakaicin ƙarin nauyi kilo 8.1 ne, amma wani kilo 4.3 kawai ya ƙara, wani kuwa 13.3, kuma kowane ɗan tagwaye ya fi kusa da ɗan'uwansa a kan sauran, wanda ke nuna hannun gado a cikin lamarin.

James Levine da abokansa a asibitin Mayo sun bayyana wani sashe na sirrin a mujallar Science a 1999. Mutum 16 suka ciyar da ƙarin kalori 1,000 kullum har mako takwas, sai kitsen da suka tara ya bambanta kusan ninki goma, daga abin da bai kai rabin kilo ba zuwa fiye da kilo huɗu. Dalilin kuwa shi ne cewa wasu jikunan, da zarar abinci ya ƙaru, sai su ƙara motsin da mai shi bai ma san yana yi ba, kamar kaɗa ƙafa a zaune, da yawan tashi tsaye, da gyara zama, har su ƙone akasarin ƙarin. Haka ma a wajen horo: Monica Hubal da jama'arta sun sa mutum 585 ɗaga ƙarfe da hannu ɗaya har mako 12, a rahotonsu na 2005 kaurin tsokar wasu bai ƙaru ba ko kaɗan, na wasu kuwa ya ƙaru da fiye da rabi. Wanda ya san waɗannan alƙaluma ba zai auna yaro da abokin ɗakinsa ba, kuma zai gane cewa adadin abincin da ya ishe shi sai an nemo shi da gwaji a jikinsa shi kansa.

Gwargwadon ci

A nan ne mas'alar ta fi buƙatar tadabburi, domin shawarar da ta fi yawo a tsakanin samari ita ce a ci duk abin da aka samu har sikeli ya motsa. Ina Garthe da abokan aikinta a Norwe sun jarraba wannan ra'ayi a kan manyan 'yan wasa 39, suka buga a European Journal of Sport Science a 2013. Sun kasa su biyu, dukansu suna ɗaga ƙarfe tsawon mako takwas zuwa 12, aka tsara wa kashi ɗaya ƙarin abinci mai yawa, aka bar ɗaya kashin ya ci yadda ya ga dama. Waɗanda aka ƙara wa abinci sun fi ƙara nauyi, kusan kashi huɗu cikin ɗari a kan ɗaya da rabi, amma da aka auna abin da nauyin ya ƙunsa sai aka ga kitsensu ya ƙaru da kashi 15 cikin ɗari, na ɗaya kashin kuwa da kashi uku, alhali bambancin tsoka a tsakaninsu bai kai wanda ma'aunin lissafi zai amince da shi ba. Ginin tsoka yana kama da ginin katangar ƙasa, wadda magini kan ɗora sahu ya bar shi ya sha iska kafin ya ɗora wani, kuma yawan kwaɓin da aka tara a gindinta ba ya sa ta bushe da wuri.

Bisa irin wannan hujja ne Gary Slater da abokansa, a bitar da suka yi a 2019, suka ba da shawarar a fara da ƙarin da bai wuce kalori 360 zuwa 480 a rana ba, sa'an nan a riƙa gyarawa. Ga saurayi mai kilo 80, ƙarin giram 200 zuwa 400 a mako shi ne tsaka-tsaki. Hanyar sani kuwa mai sauƙi ce: ya hau sikeli da asuba bayan ya kama ruwa, kafin ya sa komai a baki, sau uku ko huɗu a mako, a ɗauki matsakaici, domin awon rana ɗaya ruwa da gishiri kan ruɗa shi, in mako biyu suka wuce allura ba ta motsa ba, a ƙara abinci kaɗan.

Game da furotin, Robert Morton da jama'arsa sun haɗa gwaje-gwaje 49 masu ɗauke da mutum 1,863, suka buga a British Journal of Sports Medicine a 2018, suka ga fa'idarsa tana tsayawa a wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, ko 2.2 ga mai son yin ihtiyaɗi. Ga mai kilo 80 ke nan giram 128 zuwa 176, abin da ake samu a abinci na yau da kullum, tun da ƙwai ɗaya yana da kamar giram shida, litar madara fiye da 30, giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza shi ma kamar 30. Abin da siriri ya fi gazawa a kansa, a ganina, shi ne abinci mai sitaci da kuma kiyaye lokaci, domin wanda ya fita horo da sassafe ba karin kumallo, ya shiga aji, ya zauna kallon hotunan wasan abokan hamayya, ya koma fili da la'asar, yakan wayi gari ya ci sau biyu kawai, kuma cikinsa ba zai ɗauki bashin yini a zama ɗaya ba. Maganinsa ci sau biyar ko shida, da shinkafa da dankali da taliya da burodi, da abin sha mai kauri na madara da ayaba da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wanda ke wucewa ko da marmarin abinci ya ɗauke bayan gajiya.

Ƙarfe da jifa

Glenn Fleisig da abokansa a cibiyar binciken wasanni ta Birmingham a jihar Alabama sun kwatanta jifar kwatabak da ta mai jifa a wasan besbol a 1996. Ƙwallon Amurka tana da nauyin giram 400 da 'yan kai, kusan ninki uku na ta besbol, kuma ƙarfin jifarta yana tasowa ne daga ƙafar baya, ya bi ta ƙugu da ya juya kafin ƙirji, ya isa kafaɗa, hannu ne na ƙarshe. Wannan tertibi shi ke nuna inda ya kamata tsokar ta zauna, watau cinya da ɗuwawu da gadon baya da tsakiyar jiki da wuya, ta hanyar tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, da ɗaga shi daga ƙasa, da janyo shi zuwa ƙirji, da wurga ƙwallo mai nauyi ta gefe. Tura ƙarfe daga ƙirji a kwance, wanda samari suka fi alfahari da shi, yana da muhallinsa, amma in ya rinjayi aikin baya sai ya janyo kafaɗa gaba ya ƙuntata juyawarta. Lalle ne a haɗa shi da horon ƙananan tsokoki huɗu da suka kewaye gaɓar kafaɗa, a kuma ci gaba da jifa duk tsawon lokacin ginin, don hannu ya saba da sabon jikin sannu a hankali. Lokacin wannan aiki shi ne daga Janairu zuwa Yuli; in kaka ta shiga, wasanni suka fara, riƙe abin da aka samu ya wadatar.

Israfi a horo yana da illa mai tsanani. A watan Janairu na 2011 an kwantar da 'yan wasan Jami'ar Iowa 13 a asibiti bayan horon da ya haɗa da tsuguno sau 100 da ƙarfe mai nauyi, saboda tsokarsu ta farfashe, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta shiga hatsari. Ta fuskar abubuwan da ake sha don gina tsoka kuwa, sinadarin kiriyatin, giram uku zuwa biyar a rana, yana da hujja mai ƙarfi kuma NCAA ba ta haramta shansa ba, sai dai a sani kilo ɗaya ko biyun farko da yake kawowa akasari ruwa ne. Magungunan sitiroyid kuwa haramun ne a dokar hukumar, hukuncinsu dakatarwar shekara guda, ban da ɓarnarsu ga zuciya da hanta.

Shaidar fili

Jayden Daniels ya shiga Jami'ar Jihar Arizona a 2019, aka rubuta nauyinsa laba 175, kimanin kilo 79, a kan tsawon da ya haura santimita 190; a watan Maris na 2024, bayan ya koma Jami'ar Jihar Luwiziyana, sikeli ya nuna laba 210, watau kilo 95. Ko da an yi rangwame saboda jami'o'i ba su cika tsanantawa ba a lissafin da suke bugawa, kilo 16 ne cikin shekara huɗu da rabi, ƙasa da kilo huɗu a shekara, kuma a 2023, shekarar da ya ci lambar yabo ta Heisman, ya yi jifar yadi 3,812 ya kuma ruga yadi 1,134 da ƙafarsa. Tom Brady ya bar Jami'ar Michigan a 2000 da laba 211, masu zaɓen 'yan wasa na NFL suka raina ƙirarsa har sai a lamba ta 199 aka ɗauke shi, laba goma da 'yan kai da ya ƙara daga baya kuwa a cikin shekarun aikinsa ya tara su.

Akwai kuma matsin kasuwa, wanda ke sa adadin ya zama abin nema don kansa. Bryce Young, wanda Jami'ar Alabama ta rubuta da laba 194, ya auna 204 a taron gwajin NFL na 2023 inda bai yi gudu ko jifa ba, ranar da ya yi jifa a jami'arsa kuwa bai hau sikeli ba, aka kuma ɗauke shi na farko a zaɓen shekarar. Lamar Jackson na ƙungiyar Baltimore ta NFL ya bi hanyar har ƙarshenta ya dawo: ya kai laba 230 a 2022, ya ga nauyin ya rage masa zafin nama, ya sauko zuwa 205 a 2024, kuma a kakar 2024 ya yi jifar yadi 4,172, ya jefa ƙwallon ci 41, huɗu kaɗai abokan hamayya suka cafke, ya ƙara da gudun yadi 915.