Cocin Le Raincy: ginin da rashin kuɗi ya ɗaukaka

Duk shekara idan na zo darasin dokar Faransa ta 1905, wadda ta raba gwamnati da al'amuran addini, ɗalibaina sukan tambaye ni: to wa ya ci gaba da gina wuraren ibada? Amsa ita ce mabiya, da abin aljihunsu. Misalin da na fi so shi ne cocin Notre-Dame du Raincy.

Le Raincy ƙaramin gari ne a gabashin birnin Paris. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya jama'a sun yi wa tsohon cocinsu yawa. Limaminsu, Félix Nègre, yana son sabo, amma kuɗin da aka tara ba za su kai ga ginin dutse ba. Sai ƴan uwa biyu magina, Auguste da Gustave Perret, suka karɓi aikin da kankare mai ƙarfe a ciki. A lokacin kankare kayan gada ne da masana'anta, ba a ganin ya cancanci ɗakin ibada. An soma aiki a 1922, aka buɗe a watan Yuni na 1923.

Ba su lulluɓe kankaren da dutse ko fenti don a ɓoye shi ba. Siraran ginshiƙai suka ɗora wa nauyin rufin, bango ya huta da ɗaukar kaya. Sai suka mai da bangon kamar rariya: tubalan siminti masu huji iri kaɗan, da aka zuba a ma'auni aka yi ta maimaitawa, aka cike hujin da gilasai masu launi. Maurice Denis ya zana hotunan, Marguerite Huré ta yi aikin gilashin, launi yana rikiɗa har ya zama shuɗi a can gaba wajen bagadi. Ɗaya daga cikin tagogin na tunawa da yaƙin Ourcq na 1914, har da motocin tasi da suka kai sojoji fagen daga. Hasumiyar ta kai mita 43.

A 1966 aka sa ginin cikin kayan tarihin ƙasa. Amma araha ba ta ado: ruwa ya ratsa kankaren, ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya kumbura, siminti ya riƙa ɓarewa. An shafe shekaru ana gyara da tsada.

Ni abin da nake jawo hankalin ɗalibai a kai shi ne, a nan siminti ne ginin mai hali, laka ta talaka. A Faransa ta 1922 siminti shi ne na talaka. Darajar gini na wurin gwanintar magini, ɗorewarsa kuma na wurin masu kula da shi bayan an watse daga bikin buɗewa.