Shigar da takardun ƙara ta intanet ga wanda bai ɗauki lauya ba a kotunan tarayyar Amurka

Dokar Amurka ta ba kowane mutum damar gudanar da shari'arsa da kansa a kotunan tarayya. Damar ba ta shafi kamfani ba, domin shi sai lauya ne ke wakiltarsa.

Kotunan gundumomi 94 na ƙasar suna karɓar takardu ta wata manhaja mai suna CM/ECF, kuma wajibi ne lauyoyi su bi ta wannan hanya. Shi kuwa mai tsaya wa kansa, tun gyaran ƙa'idojin shari'a na watan Disambar 2018, ba ya shigar da takarda ta intanet sai da izinin alƙali ko in ƙa'idar kotun ta amince. Wanda bai samu izini ba yana kai takardunsa ofishin magatakarda da hannu ko ta gidan waya. Kuɗin buɗe ƙara dala 405 ne, amma maras hali yana iya roƙon a yafe masa.

Yadda ake shigarwa

Ana ɗora kowace takarda a tsarin PDF. Shigarwa ta asusun mutum, tare da rubuta sunansa a gurbin sa hannu, ita ce sa hannunsa a wurin kotu. Da zarar an karɓa, manhajar tana tura sanarwa ta imel mai ɗauke da rana da lokaci, kuma ita ce shaidar cewa takardar ta shiga.

Kafin ɗorawa, dole ne a sakaya wasu bayanai. Lambar asusun banki ana barin alƙaluma 4 na ƙarshe kawai, ranar haihuwa ana barin shekara, sunan ƙaramin yaro kuma haruffan farko. Wannan nauyi yana kan mai shigarwa, magatakarda ba ya dubawa. Dalili shi ne jama'a na iya karanta takardun a shafin PACER, a kan santi 10 kowane shafi.

Wa'adi

A nan ne aka fi yin asara. Wanda ake ƙara yana da kwana 21 ya mayar da martani bayan an ba shi sammaci, idan ya yi shiru ana iya yanke hukunci a kansa. Ɗaukaka ƙara galibi kwana 30 ne daga ranar da aka rubuta hukunci.

Ga mai shigarwa ta intanet, ranar ƙarshe tana cika da ƙarfe 12 na dare agogon garin da kotun take, ba na inda yake zaune ba. Haka kuma kwana 3 da ake ƙara wa wanda aka aika wa takarda ta gidan waya ba sa shafar wanda ya karɓa ta manhajar. Saboda haka duk wanda aka ba izini sai ya riƙa duba imel ɗinsa kullum, domin rashin lauya ba ya tsayar da lissafin kwanaki.