Daidaita agogon ƙananan kwamfutoci a lokacin kunna su

Daidaita agogo shi ne aikin da kwamfuta take yi don ta san ainihin rana da sa'a, kuma lokacinta ya zo ɗaya da na sauran kwamfutocin da take haɗe da su. Babbar kwamfuta tana da ɗan batiri mai kama da kwabo, wanda yake riƙe mata agogo ko da an kashe ta. Ƙananan kwamfutoci da yawa ba su da shi. Misali, Raspberry Pi da aka fara sayarwa a Birtaniya a 2012, sai a samfuri na 5, na shekarar 2023, aka sa masa agogon da ake iya jona wa batiri.

Abin da yake faruwa idan an kunna

Irin wannan kwamfuta tana farkawa ne ba ta san ƙarfe nawa ba. Mai aiki da Linux tana iya ɗauka cewa ranar 1 ga Janairu 1970 ce, domin daga nan tsarin yake fara ƙirga daƙiƙoƙi. Wata kuma sai ta koma kan lokacin da ta adana kafin ta mutu. Idan wuta ta yi kwana biyu a ɗauke, agogonta yana baya da kwana biyu.

Illar ba ƙarama ba ce. Takardun shaidar tsaro na intanet suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka kwamfutar da ta ɓata lissafi za ta ƙi amincewa da su. Bayanan da take rubutawa, kamar na awon zafi ko na ciniki, su ma sai su fito da kwanan wata na ƙarya.

Yadda NTP yake aiki

Hanyar da aka fi bi ita ce NTP, wadda David Mills ya fitar a Amurka a 1985. Kwamfuta tana aika tambaya ga sabar lokaci, sabar ta mayar da amsa. Ana rubuta lokuta huɗu: fitar tambaya, isarta, fitar amsa, da isowarta. Da su ake cire jinkirin hanya a gano kuskuren agogo. Sabobin hawa-hawa ne: na hawa na 1 suna jone kai tsaye da agogon atam ko GPS, na hawa na 2 suna karɓa daga gare su, har zuwa hawa na 15.

NTP lokacin duniya na UTC kawai yake bayarwa, kowace kwamfuta ita take ƙara bambancin ƙasarta. Nijar, Najeriya, Kamaru da Chadi suna ƙara sa'a 1, Sudan sa'a 2, Gana kuwa ba ta ƙara komai.

Inda ake samun tangarɗa

Idan aka maido da wuta, ƙaramar kwamfuta takan riga na'urar rarraba intanet tashi. Ta tambaya ba ta sami amsa ba, sai manhajojinta su fara aiki da lokacin da ba daidai ba. Ban da haka, manhajar ntpd tana tsayawa idan kuskuren ya wuce daƙiƙa 1,000, sai in an ba ta izinin yin babban gyara a farko.

Magani

Na farko, a umarci muhimman manhajoji su jira sai agogo ya daidaita. Na biyu, a sa ƙaramin agogo mai batiri, irin DS3231, wanda kuskurensa kamar minti 1 ne a shekara. Na uku, inda intanet yake yawan yankewa, a zaɓi kwamfuta ɗaya mai batiri ko GPS ta zama sabar gida, da manhaja kamar chrony, sauran su riƙa tambayar ta. Ko da ta ɗan kauce wa lokacin duniya, dukkansu suna kan lokaci ɗaya.