Cire Haƙori Mai Mugunya: Nazari a Kan Al'adar Jiran Kumburi Ya Sace

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wata fahimta da ta yi kaka-gida a tsakanin majinyata a ƙasar Hausa, wato ba a cire haƙori sai kumburi ya sace. An bi hanyar bitar ayyukan masana likitancin haƙori da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022. Nazarin ya gano cewa jinkirin ya fi cirewar haɗari.

Fitilun kalmomi: haƙori, mugunya, kumburi, muƙamuƙi

1.0 Gabatarwa

Rahoton na 2022 ya ƙiyasta cewa cututtukan baki suna damun kusan mutum biliyan 3.5 a duniya, kuma ruɓewar haƙori ce kan gaba. Ƙwayoyin cuta irin su Streptococcus mutans kan ci sukarin da ya maƙale a baki, su fitar da sinadari mai tsami da ke zaizaye haƙori har ya yi kogo. Idan kogon ya kai ga tsokar ciki mai ɗauke da jijiya, sai ta mutu, mugunya ta taru a ƙarshen saiwa.

2.0 Tushen Jinkiri

Galibi majinyaci kan fara da cusa kanumfari a kogon, sannan ya nufi kemis ya sayi amoksisilin da Flagyl. Zogi kan lafa, ya ɗauka an rabu da ciwon. Sai dai jini ba ya shiga haƙorin da tsokarsa ta mutu, don haka maganin da ke bin jini ba ya isa gindin cutar. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

3.0 Illar Jinkiri

Turamen ƙasa na baya su ne abin tsoro, domin saiwarsu ta nutse can cikin muƙamuƙi. Mugunya na iya huda ƙashi ta malala ƙarƙashin harshe da haɓa. Likitan nan Bajamushe, Wilhelm Friedrich von Ludwig, ya bayyana wannan hali a 1836: wuya ya kumbura ya yi tauri, harshe ya turo sama, yawu ya riƙa dalala, numfashi ya yi wuya. Masu ciwon suga sun fi saurin faɗawa wannan hali.

4.0 Aikin Cirewa

Likita kan ɗauki hoton haƙorin, ya tambayi tarihin hawan jini, suga da magungunan tsinka jini. Tsamin mugunya yana rage ƙarfin allurar kashe zafi, shi ya sa ake yin ta a jijiyar muƙamuƙi, nesa da kumburin. Fitar haƙorin kan buɗe wa mugunya hanya. Daga nan majinyaci ya ciji auduga har jini ya tsaya, ya guji kurkure baki da shan taba a ranar farko, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita, ƙashi ya tsaya tsirara. Washegari ya fara kurkura da ruwan ɗumi da gishiri.

5.0 Kammalawa

Kumburi dalili ne na gaggauta zuwa asibiti. Inda haƙorin zai gyaru, wanke saiwa ya fi. Inda ba zai gyaru ba, a cire shi da wuri. Maƙalar ta ba da shawarar a horar da masu kemis da ma'aikatan asibitocin karkara su tura duk mai kumburin haɓa, zazzaɓi ko wahalar haɗiya wurin likitan haƙori a ranar.